Daga Shagari Zuwa Yabo: Darasi a Kan Burin Yaro da Kiran Jama'a

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Sakkwato ya nufi Tambuwal ko Jega ya san hanyar da za mu yi magana a kanta a wannan darasi. Da an bar birni ba da jimawa ba sai a iso Boɗinga, daga nan kuma, bayan an ratsa gonakin gero da dawa da wake, sai a faɗa garin Shagari. Mafi yawan matafiya ba su tsayawa sai in za su sayi ruwa ko albasa. Amma a kan wannan 'yar hanya akwai labarin wani yaro maraya wanda ya kamata iyaye da matasa na kowane gida su zauna su yi nazarinsa, domin tambayar da ke cikinsa ita ce wadda ke hana samarinmu da 'yammatanmu barci a yau: me zan zama, wa zai kai ni, in kuma na isa na tarar ba abin da na nema ba ne, yaya zan yi?

An haifi Shehu Usman Aliyu Shagari ran 25 ga Fabrairu 1925 a wannan gari, wanda kakan mahaifinsa, Ahmadu Rufa'i, ya kafa. Mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari, wato mai garin, kuma kafin sarauta manomi ne, makiyayi, mai taɓa fatauci. Kada jin kalmar sarauta ya ruɗe mu. Magajin ƙauye a zamanin Turawa mai tara haraji ne da sasanta rigimar gona, abincinsa kuwa daga gonarsa yake fitowa kamar na kowa. Yaron yana da kamar shekara 5 mahaifin ya rasu, wansa Bello ya gaji kujerar. Ya fara da karatun allo kamar sauran tsaransa. A 1931 aka ɗauke shi aka kai shi Yabo, wurin dangi, aka sa shi a makarantar elementare, ya zauna can har 1935.

Mu dakata a nan, gama wannan ƙaramar tafiya ita ce tushen dukan sauran. Tsakanin Shagari da Yabo ba wata tazara ba ce ga babba. Ga yaro ɗan shekara 6 wanda bai daɗe da rasa uba ba, rabuwa da ɗakin uwarsa ya fi zuwa Ikko nisa. Kuma ba shi ya zaɓa ba. Yaro ɗan shekara 6 ba shi da wani buri da ya wuce ya ƙoshi ya yi wasa. Waɗansu manya ne suka yanke shawara, waɗansu suka buɗe masa ƙofar gidansu, wata mace ta ƙara hannu a tukunya saboda shi har shekara huɗu. Littattafan tarihi sun fi damuwa da ministoci da janarori, amma da waɗannan mutane sun ce ba su iya ɗaukar nauyin ɗan wani, da labarin ya mutu tun a nan.

A lokacin makarantun boko a ƙasar Sakkwato ƙalilan ne ƙwarai. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Arewa, saboda haka makarantun da suka cika Kudu ba su samu shiga nan ba, sai 'yan kaɗan da En'e ke riƙe da su da kuɗin haraji. Iyaye da yawa kuma suna tsoron boko, har akan matsa wa hakimai da masu gari su ba da 'ya'yansu domin a samu na cika aji. Abin da waɗansu gidaje suka ɗauka hukunci ne, shi ya zama ƙofa ga wannan yaro.

Sunan gari a bayan sunan yaro

A 1936 ya wuce makarantar Midil ta Sakkwato, ya yi har 1940. Hanyarsa ta zuwa birni ta Boɗinga take bi, kuma za mu komo kan wannan gari nan gaba. A makarantun wancan zamani akan kira ɗalibi da sunan garinsu domin a bambanta shi da masu suna irin nasa. Haka aka samu Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta haka wani ƙauye da ba kowa ya san shi ba ya manne a bayan sunan yaron, ya bi shi ko'ina, har ranar da aka riƙa faɗinsa a gidajen rediyon Ingila da Amurka. Al'ada ce ta rajistar makaranta kawai, amma a ganina akwai hikima a cikinta. Wanda ke ɗauke da sunan garinsu ba ya iya ɓata a ɓoye: in ya yi abin kirki garin ya samu, in ya yi abin kunya garin ya sha.

Daga 1941 zuwa 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana Kwalejin Kaduna. Wannan ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya ta ɗauki sunan Barewa. Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa sun riga shi shiga tun tana Katsina. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa sun biyo baya a Zariya. Zuwa can daga Sakkwato ba wasa ba ne. Jirgin ƙasa bai iso Sakkwato ba, layin ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, don haka sai matafiyi ya kai kansa Gusau tukuna kafin ya ga dogo. Ɗalibin da ya tafi ya san ba zai ga gida ba sai hutu.

Da ya gama, aikin da ya kama shi ne koyarwa. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, makarantar da ta yi renonsa, daga baya ya zama hedimasta a Argungu, ya kuma yi aikin malami mai zagayen duba makarantu a lardin Sakkwato. Tun yana malami ya tsara Waƙar Nijeriya, doguwar waƙa da Hausa wadda ke koya wa mai sauraro ƙasar da garuruwanta da tarihinta. Ku duba irin tunanin: yara ba su da isassun littattafai, amma suna da kunne da baki, to, bari a zuba musu darasi a cikin waƙa. Wannan aikin mutumin da ke son aji ne da gaske. Duk mai neman sanin ainihin burin saurayi Shehu, a nan zai same shi, tsakanin alli da allo, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Mutumin Boɗinga da ya yi niyyar gabas

Kafin mu ci gaba, bari mu koma Boɗinga, gama garin yana da nasa labari mai kama da wannan. Kusa da shi akwai Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815. A wannan lokaci ƙaninsa Abdullahi, wanda ake kira Abdullahin Gwandu, a Boɗinga ya yi mazauni. Malami ne mai zurfin ilimi, mawallafin littattafai masu yawa. Wajen 1807 ransa ya ɓaci da yadda ya ga waɗansu abokan tafiyarsu sun karkata ga dukiya da mulki, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano suka riƙe shi suka ce suna bukatar wanda zai koya musu yadda ake shari'a da riƙon jama'a, ya zauna ya rubuta musu littafin da ake kira Liya'ul Hukkami, daga baya ya juyo gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya so ya ajiye.

Ba mu kawo shi domin mu yi hukunci a kan yaƙe-yaƙen wancan zamani ba. Wannan wani darasi ne dabam. Abin lura shi ne siffar tafiyar. Mutum ya ɗaura niyya mai kyau, ya kama hanya, sai bukatar waɗansu ta tare shi a tsakiya. Hausa tana da kalmomi biyu da ya kamata mu rarrabe a nan. Buri daga cikin mutum yake fitowa, shi ke cewa ina so. Kira kuwa daga waje yake zuwa, daga bakin mutane ko daga halin da suke ciki, yana cewa ana bukatarka. Saurayin da ba shi da buri ba zai tashi daga gindin bishiya ba. Wanda kuma ya toshe kunnensa daga kira yana iya isa inda ya nufa ya tarar shi kaɗai ne a wurin.

Yadda aka janye malami daga aji

Siyasa ta samu Shehu Shagari ta hanyar ƙungiyoyin matasa masu ilimin boko da suka riƙa taruwa a Sakkwato a shekarun 1940, irin waɗanda daga baya suka narke cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC. A 1954, yana ɗan shekara 29, aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, sa'an nan minista a ma'aikatu dabam-dabam, ciki har da ta harkokin cikin gida da ta ayyuka. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato.

Sai ga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna, waɗanda suka ɗaga shi, gwamnatin da yake ciki ta rushe cikin kwana biyu. Yana ɗan shekara 40 ya komo gida ba kujera ba ofis. Abin da ya yi a wannan lokaci shi ne, a ganina, ya fi kome bayyana halinsa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A 1967 ya karɓi aikin sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, aikin bi gari-gari ana tara gudummawar jama'a ana gina makarantu. Tsohon ministan tarayya ya koma roƙon taro da sisi domin yaran ƙauye su samu aji kusa da gida, kada sai an ɗauke su an kai wani gari kamar yadda aka yi masa. Sarautar ta tafi, burin farko yana nan da ransa.

Bayan yaƙin basasa Janar Gowon ya kira shi Ikko a 1970 ya ba shi aikin raya tattalin arziki da sake gina wuraren da yaƙi ya lalata, a 1971 kuma ya gaji Cif Obafemi Awolowo a ma'aikatar kuɗi, ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa ne, ran 1 ga Janairu 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule.

Da soja suka shirya mai da mulki ga farar hula, abin da ya sa a ransa shi ne kujerar Majalisar Dattawa. Ya sha faɗin haka, har ya sa wa littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya fito a 2001, suna Beckoned to Serve, ma'ana an yafato shi ne ya zo ya yi hidima. Abokan siyasarsa suka matsa, jam'iyyar NPN ta tsai da shi a Disamba 1978 a gaban mutane irin su Maitama Sule da Adamu Ciroma. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Awolowo kimanin miliyan 4.9. Aka yi doguwar gardama a kan ko ya cika sharaɗin kashi biyu cikin uku na jihohi 19, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa. Ran 1 ga Oktoba 1979 yaron da aka kai Yabo ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko a Nijeriya, da Alex Ekwueme a matsayin mataimakinsa.

A nan ne mutane ke son jawo karin maganar nan, wai zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Maganar tana da gaskiyarta, amma mun mai da ita matashin kai. Uba ya ƙi biyan kuɗin makaranta ya ce in yaron mai rabo ne zai samu. Saurayi ya kwana yana kallon waya ya ce abin da aka rubuta ba ya gogewa. Ku ƙidaya da kanku: daga 1931 zuwa 1944 shekara 13 ke nan na karatu nesa da gida, sa'an nan wajen shekara 10 a gaban allo, sa'an nan shekara 25 cikin aikin gwamnati da faɗuwa da tashi. Zakaran ya yi cara, amma akwai waɗanda suka yi shekaru suna korar shaho, shi kansa kuma bai kwanta a akurki yana jira ba.

Nauyin da ya fi ƙarfin kafaɗa

Darasin ba zai cika ba in muka tsaya a ranar rantsuwa, kamar yadda masu tatsuniya ke tsayawa a ranar biki. Mulkinsa ya yi abubuwan da ake tunawa da su. An gina gidaje masu sauƙin kuɗi da har yau ake kira gidajen Shagari a jihohi da yawa. An kafa jami'o'in fasaha a Bauci da Makurɗi da Owerri da Akure da Yola da Minna, abin da ba zai ba da mamaki ba daga tsohon malamin kimiyya. Ya yi wa Gowon afuwa a 1981, ya yi wa Odumegwu Ojukwu a 1982, domin a rufe raunin yaƙi. A Fabrairu 1982 shi ne ya tarbi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a Ikko, a ziyararsa ta farko zuwa Nijeriya, wadda a cikinta ya zo Kaduna ya naɗa sababbin firistoci. Dattawanmu da suka je ba su manta ba.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi don mutumin ɗan ƙasarmu ne. A Afrilu 1980, a Bakalori, cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka rasa rayuka da yawa. Farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, albashin malamai ya riƙa makalewa a jihohi. A farkon 1983 aka kori baƙi marasa takardu fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu mutanen Gana, cikin wahala mai tsanani. Cin hanci ya yi ƙamari a tsakanin waɗansu manyan jam'iyya da na gwamnati, zaɓen 1983 kuma ya zo da ƙorafin maguɗi daga sassa da yawa. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnatin, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau.

Aka tsare shi har 1986. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Samson Uwaifo bai same shi da laifin sata ba, kuma ko abokan hamayyarsa ba su cika zarginsa da tara dukiya ba. Abin da ake zarginsa da shi shi ne sanyin hannu: bai ci ba, amma bai iya hana na kusa da shi ci ba. Ni ina ganin zargin yana da tushe. Haƙuri da kunya da gudun ɓata wa mutane rai kyawawan halaye ne ga malamin aji da maƙwabci, amma wanda aka damƙa wa baitulmalin jama'a yana bukatar ya iya cewa a'a ga abokinsa na shekara talatin. Amsa kira ba ya wanke mutum daga hisabin yadda ya riƙe abin da aka kira shi a kansa. Matashin da ke mafarkin babbar kujera ya tambayi kansa tun yanzu, a ƙaramin aikin da ke hannunsa, ko ma'ajin ƙungiyar matasa ne ko mai riƙe da makullin shago, ko yana iya hana ɗan'uwansa ɗaukar abin da ba nasa ba.

Ga iyaye kuma akwai tambaya mai nauyi. A ƙauyukan da ke gefen wannan hanya, da cikin unguwanninmu na birni, har yanzu akwai yara da yawa, musamman mata, da ba su zuwa makaranta, waɗansu saboda talauci, waɗansu saboda rashin tsaro da ya addabi sassan jihar a 'yan shekarun nan. A cikinsu akwai marayu. Ba kowane gida ne zai iya gina aji ba, amma gidaje da yawa suna iya abin da dangin nan na Yabo suka yi a 1931: tabarma ɗaya, kwano ɗaya, da ido a kan yaro har ya gama. Lokacin da suka karɓe shi ba su san shugaban ƙasa suke reno ba, kuma da ya ƙare rayuwarsa yana hedimasta a Argungu, ladan aikinsu bai ragu da ƙwayar gero ba. Ku tattauna wannan a gidajenku da taron ƙungiyoyinku: wane yaro ne a cikin danginmu ko maƙwabtanmu karatunsa ya tsaya a bana, kuma me ya tsayar da shi?

Da aka sake shi, sai aka umarce shi ya zauna a Shagari, aka kuma hana shi siyasa. Garin da ya bari yana ɗan shekara 6 shi ya karɓe shi yana ɗan shekara 61. Ya rayu shekara 32 bayan haka, tsakanin Shagari da Sakkwato, yana halartar taron Majalisar Ƙasa in an kira, yana karɓar baƙi, ba ya yawan magana. Babbar kwalejin horon malamai ta Sakkwato aka sa wa sunansa. Ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93. Kashegari aka kawo gawarsa Sakkwato ta jirgin sama, aka bi da ita ta hanyar Boɗinga, aka binne shi a Shagari.